ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA

Jama'a, musamman ku 'yan makaranta, na makarantun Gwamnati da na Mishan duka, ku kasa kunne ku ji wata magana da ta daɗe tana ci mini rai. Akwai wata cuta da ta shigo karatun ƙasarmu, ta zauna ta miƙe ƙafa har mutane sun daina kiranta cuta, suna kiranta dabara. Cutar kuwa ita ce a ce wa mutum ya yi bincike ya rubuta abin da ya samo, sai ya je ya ɗauko na wani, ya kankare suna ya sa nasa, ya miƙa, a ba shi takardar shaida a ce ya gama karatu.

Kun dai sani duk wanda zai fita daga babbar makaranta, ko kwalejin horon malamai ce, ko ta fasaha, ko jami'a, ba a sallamarsa sai ya rubuta kundi, wanda ɗalibai su ke kira furojet. Galibi babi biyar a ke yi masa: gabatarwa, da bitar abin da magabata suka rubuta, da bayanin hanyar da aka bi wajen bincike, da abin da aka samo, sa'an nan kammalawa. An ɗora wannan ne don a gani ko shekarun da yaro ya yi yana zaune yana sauraro sun koya masa ya yi tunani da kansa. To, amma ku zaga bakin ƙofofin manyan makarantu in lokacin kundi ya zo, ku duba shagunan buga takardu. Da yawa cikinsu sana'arsu ta halal su ke yi, ka kawo rubutunka su buga maka. Amma akwai waɗanda ba su bukatar ka kawo kome sai kuɗi. Ka faɗi fanninka, a buɗe kwamfuta, a zaro kundin wani da ya yi bara ko bara waccan a wani gari, a sāke sunan garin da shekara, a ɗinke da bango mai ƙyalli, shi ke nan an zama mai ilmi.

Kada ku ce ina ruwanmu, mu da ko sakandare ba mu gama ba. Da ku na ke, domin icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Babu wanda ya fara satar kundi a jami'a. A aji ɗaya a ke farawa, ran da aka ba da aikin gida yaro ya kwana yana wasa, da safe ya karɓi littafin abokinsa ya kwafe a gindin bishiya kafin a buga ƙararrawa. Mu malamai mun sha duba insha'i talatin mu tarar kuskure ɗaya ya bi ta cikin ashirin, kamar tumaki sun bi ta ƙofa guda. Wanda ya saba da wannan shekara shida, yaya za a yi ran da aka ce ya rubuta shafi hamsin ya san inda zai kama? Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari mu fara da tambayar da masu sayen kundi ba su taɓa yi wa kansu ba. Mene ne rubutun bincike? Wanda ya taɓa zama a gaban alƙali ya riga ya san shi. Mai ƙara ya kan faɗi da'awarsa, alƙali ya ce ina shaidunka, a kawo su, a tambayi ko wanne inda ya ke sa'ad da abin ya faru, da idonsa ya gani ko ji ya yi, a saurari abokin shari'a, sa'an nan a yanke hukunci gwargwadon abin da ya tabbata. Rubutun bincike ke nan, babu ragi babu ƙari. Kana da magana guda da ka ke so mutane su yarda da ita, ka kawo shaidunka, ka faɗi inda ka samo ko wanne don mai shakka ya je ya gani, ka kuma faɗi abin da masu musunka za su ce. To, wanda ya sayi kundi ya shiga gaban alƙali da shaidun haya, waɗanda shi kansa bai taɓa ganinsu ba.

Na san abin da za su ce. Za su ce, haba Malam, ai ƙa'ida ce kawai a ke cikawa, wa zai karanta? A ajiye shi a kan kanta ƙura ta rufe shi, mu dai mu sami takardarmu. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ku dube ta da kyau. Takardar nan da za a ba shi, me ta ke cewa? Cewa ta ke yi wannan mutum ya iya duba abu ya gane gaskiyarsa, ku amince masa. Da ita za a ɗauke shi aikin asibiti, da ita za a ba shi awon hanya ko lissafin kuɗin jama'a, da ita za a tsai da shi gaban ƙannenku ya koya musu. Wanda ya ƙirƙiri lambobi a babi na huɗu don ya huta da yawo cikin rana, ran da aka aike shi ƙauye ya ƙidayo yaran da aka yi wa allura, me zai hana shi zama a inuwa ya cika takarda? Hannun da ya saba ba ya tambaya ko wannan ƙa'ida ce ko aikin gaske. Kuma ba gaskiya ba ne a ce babu mai karantawa. Na baya ya kan zo ya ɗauki kundin nan ya dogara da shi, wani ya dogara da na bayan, har ƙarya ta yi jikoki a cikin laburare.

Sa'an nan ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da an daɗe ana tafiya a ciki. A ƙasar Jamus an yi wani Ministan Tsaro, Karl-Theodor zu Guttenberg, saurayi mai farin jini, har ana ganin wata rana shi zai shugabanci ƙasar. A shekarar 2011 aka gano ya kwashi maganganun mutane da yawa ya zuba cikin kundinsa na digirin dakta bai faɗi masu su ba. Jami'ar Bayreuth ta janye digirin a watan Fabrairu, ran 1 ga Maris ya sauka daga muƙaminsa. Shekaru bayan an tafa masa aka tono abin. Yanzu kuwa da kwamfuta ke iya gwada rubutu da rubutu cikin ƙiftawar ido, wanda ya saci kundi ya binne wa kansa ƙaya ne a hanyar da zai bi ba takalmi.

Waɗansu kuma su kan ce wannan faɗin madogara, wane ya ce a shafi kaza, al'adar Turawa ce da suka ɗora mana. Wannan ita ce maganar da ta fi ba ni mamaki, don mai faɗinta ya nuna bai san gidansu ba. Imamu Buhari ya rasu a shekarar 870, kusan shekara 800 kafin masana na Ingila su fara buga mujallarsu ta bincike a 1665. Malamai sun ce shekara 16 ya yi yana tace hadisai, kuma ya kan rubuta hadisi da jerin waɗanda suka ruwaito shi, wane daga wane daga wane, bayan ya bincika ko sun yi zamani ɗaya, ko masu gaskiya ne, ko masu mantuwa. Ina madogarar da ta fi wannan tsanani? Ku zo gida kuma. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi musamman, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya yi karatu wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban ko wanne. Muhammadu Bello kuma, cikin Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812, da ya zo kan jayayyarsu da Shehu Laminu na Barno, sai ya kawo wasiƙun Shehu Laminu da hujjojinsa, sa'an nan ya ba da amsa, don mai karatu ya ji ɓangare biyu. Ashe faɗin inda ka samo magana da yi wa abokin musu adalci gadonmu ne. Ɓoyewa ita ce baƙuwa.

To, tun da na kushe hanyar banza, wajibi ne in nuna ta gari, kada in zama mai zagin duhu da ba ya kunna fitila. Abu na farko shi ne tambaya. Yawancin masu wahala da rubutu ba rubutun ne ya gagare su ba, ba su san abin da su ke nema ba ne. Yaro ya ce zai yi rubutu a kan ilmi a Nijeriya. Kai! Wannan ai kogi ne, ina za ka sa ƙafa? Ka rage shi, ka sāke ragewa, har ya zama tambaya guda wadda za ka iya faɗa wa kakarka da numfashi ɗaya ta gane. Ga misali a ƙofar gidanmu. An san Tudun Wada ta kafu ne a farkon mulkin Turawa, bayan sun kama Zariya a 1902, ta zama mazaunin 'yan Arewa baƙi waɗanda ba 'yan birni ba, kamar yadda Sabon Gari ya zama mazaunin mutanen Kudu. To, a layinku, su wa suka fara gina gida, daga ina suka zo, wace sana'a ta kawo su? Wannan tambaya ce mai iyaka, tana da amsa, kuma babu shagon da ke da amsar a ajiye.

Na biyu, ka nemi abin da aka riga aka rubuta, don kada ka sha wahalar haƙa rijiya a gefen wadda aka haƙa. Mu mutanen Zariya ba mu da hanzari a nan. Ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da Laburaren Kashim Ibrahim a Samaru. Ga Gidan Arewa a Kaduna, ga kuma gidan ajiye tsofaffin takardun Gwamnati a can, inda rahotannin Razdan da na Di'o su ke. Amma ga sharaɗi, kuma a nan ne mutanen kirki da yawa su ke faɗawa sata ba da niyya ba. Kada ka karanta kome sai da littafin rubutu a gefenka. Kafin ka rubuta kalma ɗaya daga ciki, ka sa sunan mawallafi, da sunan littafi, da shekara, da shafi. In maganarsa ka kwafa baki da baki, ka yi mata alama ka san tasa ce. In fahimtarka ka rubuta, ka rufe littafin tukuna, ka faɗa da bakinka. In kuwa wani tunani ne ya zo maka, ka ware masa gefe dabam. Bayan wata uku ba za ka tuna wace magana ce taka wace ce ta wani ba, sai abin da ka yi wa alama.

Na uku, kada ka ɗauka duk abin da aka buga gaskiya ne. Shaida a ke tambaya, ba a yi masa sujada. Ku ɗauki labarin Sarauniya Amina, wadda ko wane ɗan Zazzau ya ke alfahari da ita. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara da Turanci a 1908, ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, watau wajen 1421 zuwa 1438 bisa lissafin Palmer. Waɗansu kuma sun ce 'yar Bakwa Turunku ce, sun sa ta a ƙarni na 16. Tsakanin maganganun nan biyu akwai fiye da shekara 100. Malalaci zai kwafi wadda ya fara cin karo da ita ya wuce. Mai bincike kuwa sai ya tsaya ya ce, yaushe aka rubuta Tarihin Kano? A ƙarshen ƙarni na 19 aka haɗa shi yadda mu ke da shi, ɗaruruwan shekaru bayan abin da ya ke ba da labari. Mutumin ina ne ya rubuta, me ya dame shi, daga wa ya ji? Haka zai tambayi ɗaya ɓangaren. In ya auna ya ga ɗaya ta fi nauyi, ya faɗa da dalilinsa. In ya ga ba ta yankuwa, ya ce ba ta yanku ba, wannan ma sakamako ne. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, wanda ya yi kundinsa a kan tarihin Katsina a nan Zariya aka buga shi littafi a 1981, bai bar ko Barth ba, Baturen da ya shiga Katsina a 1851. Sai da ya tambaya a wane hali baƙon nan ya zauna, wa ya ke gaya masa labari, me zai iya gani, me ba zai iya ba.

Na huɗu, ka tashi ka je. Gani ya kori ji. A ƙarshen 1949 da farkon 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau, tana tambaya tana rubuta abin da tsohuwar ke faɗi da Hausa. Aka buga littafin a 1954, har yau masana a duniya suna dogara da shi in suna maganar zaman matan Hausawa. Baba ba ta taɓa shiga aji ba. Irinta nawa ne a unguwarku yanzu, waɗanda in sun tafi sun tafi da abin da ke cikinsu? Bargery ma, da ya ke haɗa ƙamus ɗinsa da aka buga a 1934, mai kalmomi wajen 39,000, ya fi shekara goma yana aiki, yana yawo ƙasa ƙasa tare da malamai irin su Malam Mahmudu Ƙoƙi, yana tambayar yadda Basakkwace ke faɗi da yadda Bakano ke faɗi. To, in ka je wurin tsoho ka gaishe shi da ladabi, ka gaya masa abin da za ka yi da maganarsa, ka rubuta ranar da wurin, kada kuma ka sa masa amsa a baki. Sa'an nan ka tambayi na biyu da na uku ba a gaban na farko ba. Mutum goma da ka tambaya da gaske sun fi takardun tambayoyi ɗari biyu da ka cika da hannunka a ɗaki kana sauya biro.

Akwai wani abu kuma da zuciya ba ta so. Za ka gamu da shaidar da ta saɓa wa abin da ka ke fata. Darwin, masanin halittu na Ingila, wanda ya dawo daga tafiyarsa ta jirgin ruwa a 1836 amma bai fitar da babban littafinsa ba sai 1859, ya ba da labari cewa duk sa'ad da ya gamu da abin da ya saɓa wa ra'ayinsa, nan take ya ke rubuta shi, don ya lura irin wannan ya fi saurin ɓacewa daga ƙwaƙwalwa. Ko ka yarda da ra'ayinsa ko ba ka yarda ba, wannan ɗabi'a abar koyi ce. Wanda ya ɓoye shaidar da ba ta yi masa daɗi ba, shi da mai sayen kundi ɗan Juma ne da ɗan Jummai.

Sai na biyar, rubutun kansa. A nan ma akwai kuskuren da ya zama ruwan dare, watau mutum ya zauna ya ce sai ya gama gabatarwa tukuna. Ya yi mako yana kallon farar takarda, ya gaji, ya tafi shago. Yaya za ka gabatar da baƙon da bai iso ba? Ka fara da abin da ka samo, don shi ne a hannunka. Ka baje bayananka, ka tara masu kama da juna wuri ɗaya, ka rubuta a takarda guda abin da ko wane sashe zai ce, jimla ɗaya ɗaya. In ka karanta jimlolin nan a jere ka ji magana ta tafi daidai, gini ya sami tushe. In ka ji ta yi tsalle, a nan ne ramin ya ke, ka cike shi tun yanzu. Daga nan ka rubuta, kada ka tsaya gyaran ko wace kalma, don rubutun farko na mai shi ne, ba na kowa ba. Gabatarwa da kammalawa su ne na ƙarshe, sa'ad da ka san abin da ka ce.

In ka gama, ka ajiye shi kwana uku ko mako, sa'an nan ka ɗauko ka karanta da ƙarfi kamar wani ne ya rubuta. Inda numfashinka ya yanke, jimla ta yi tsawo. Inda ka ce wa kanka, me na ke nufi a nan, mai karatu ma zai ce haka, kuma ba ka kusa balle ya tambaye ka. Ka soke duk abin da ba ya taimakon tambayarka, ko da ka sha wahalar samo shi. Ku kiyayi manyan kalmomi, ko da Turanci ku ke rubutu ko da Hausa. Sau da yawa mutum ya kan jibga su ne don ya rufe wurin da bai gane ba, kamar mai jibga yaji a miyar da ba nama. Bayan haka ka ba wani ya karanta, ka roƙe shi ya nemo maka aibi, in ya samo ka gode masa. Manyan shaihunan jami'a ma haka a ke yi musu. In sun aika da maƙala ga mujallar bincike, sai edita ya miƙa ta ga waɗansu masana su tsefe ta, a dawo da ita a ce gyara nan, kawo hujja can, wani lokaci a ƙi ta ɗungum. In gemu ya jure wannan, kai ɗan aji huɗu mene ne naka na fushi don an ja jan biro a takardarka?

Yanzu sai sabuwar hujja, wadda ta fi sauran ƙarfi. Tun watan Nuwamba na 2022 da aka fito da ChatGPT, ga shi ga 'yan'uwansa a cikin wayar kowa, ka ce rubuta mini kaza, kafin ka sha ruwa ya cika shafi goma da Turanci mai santsi. Sai su ce, to Malam, me ya rage? Ni ban ce na'urar nan ba ta da amfani ba. Tana iya bayyana maka kalmar da ta shige maka duhu, ta nuna maka inda nahawunka ya karkace, in makarantarku ta yarda, kai kuma ka faɗi cewa ka yi amfani da ita. Amma ku san yadda ta ke aiki. An ciyar da ita rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, ta koyi wace kalma ce ta saba bin wace, saboda haka tana iya kawo magana mai kama da gaskiya ko da babu gaskiyar. A 2023 waɗansu lauyoyi a birnin New York na Amurka suka miƙa wa kotu takarda mai ambaton shari'o'i shida da na'urar ta ba su. Aka duba, babu ko ɗaya da aka taɓa yi. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000, sunansu kuma ya zaga duniya. In ta yi wa lauyoyi haka a kan dokar Amurka, wadda rubutunta ya cika intanet, me za ta yi maka a kan layinku na Tudun Wada, wanda labarinsa ke cikin kan tsofaffi huɗu ko biyar? Za ta ba ka amsa, don ba ta iya yin shiru ba, amma ba ta taɓa gaida kowa a zaure ba.

Wani mai wayo zai ce, ai Abubakar Imam ma aro ya yi, don Magana Jari Ce, da ya rubuta a nan Zariya a 1936, cike ya ke da labarun da asalinsu na Larabawa ne da Indiyawa da Turawa. Gaskiya ne. Amma ku lura da abu biyu. Hikaya dabam, bincike dabam: mai hikaya bai ce maka ga abin da na gano ya faru ba, mai kundi kuwa haka ya ce, har ya sa hannu. Sa'an nan Imam bai kwafa ya sauya suna ba. Narkar da labarun ya yi ya sāke ƙera su, ya sa musu rigar Hausa da karin maganarta da barkwancinta, har wanda bai sani ba ya rantse a Katsina aka haife su. Wanda ya sayi auduga ya kaɗa ya saƙa, zanensa ne. Wanda ya yaye na maƙwabci daga kan igiya, ko ya rina shi sunansa ɓarawo.

Ban kuwa ɗora wa yara laifin duka ba. Akwai malaman da ke auna kundi da kauri, su duba bango su duba shafin ƙarshe su sa maki. Akwai waɗanda ke ba ɗalibi take ba su tambaye shi ko ya san hanyar wurin ba, ya yi wata biyu yana neman su ba su da lokaci. Akwai masu koyarwa da shifta kaɗai, yaro ya dawo da maganar malam baki da baki a ba shi maki cikakke, ya faɗa da nasa bakin a rage masa. Wanda ya yi haka shi ya share wa shago hanya. Na kuma san kuɗin mota da na buga takardu suna da nauyi a kan talaka, littattafai kuma ba ko'ina a ke samunsu ba. Amma maganin wannan shi ne a rage girman tambaya ta zo daidai da aljihu da ƙafa. Shafi goma sha biyar na gaskiya sun fi ɗari na aro, kuma malamin da ya san aikinsa zai fi murna da su. Ranar kare kundi kuwa, in an ce me ya sa ka ce kaza a shafi kaza, mai abu ya kan yi murmushi ya amsa, don waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mai zanen aro sai ya kama jan gefe, ya rufe nan can ya buɗe.

Saboda haka ga abin da na ke roƙonku, ba sai kun jira jami'a ba. Hutun nan mai zuwa ko wannenku ya sami littafin rubutu guda, ya zaɓi tambaya ɗaya ƙarama daga unguwarsu ko sana'ar gidansu. Ya tambayi mutum uku, ya karanta abin da ya samu, ya rubuta inda ya samo ko wace magana. Ya yi shafi biyu, ya ajiye, ya gyara, ya kai wa malaminsa. Zai yi wuya a karo na farko, na biyu zai fi sauƙi, sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya yi haka sau uku kafin ya bar sakandare, ran da aka ce masa kundi ba zai nemi hanyar shago ba, kuma ƙasar nan za ta sami mutum guda da in ya ce abu kaza ne, a kan iya dogara da maganarsa.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya tsare mu daga sa sunanmu a kan abin da ba mu yi ba. Amin. Haza wasalam.